Kala a Gonar Malam

Da asubar Asabar ɗin da ta wuce muka tashi daga Bacirawa, mu uku: ni, ƙanwata, da mijinta wanda yake tuƙa mu. Kwanana biyu ke nan da fita daga takaba. Ku da kuke ta aiko min da ta'aziyya tun rasuwar maigidana, Malam, na gode, Allah ya bar zumunci. Ga labarin fitata ta farko. Wanda yake neman labari mai daɗi ya wuce gaba, yau ba ni da shi.

Bari in fara gaya muku abin da ya fitar da ni. Malam yana da gona a ƙauyensu, can tsakanin Tofa da Bagwai. Da ruwa ya zauna bana ya je ya shuka dawa da hannunsa. Ni ban bi shi ba, gwiwata ta hana ni, kuma har yau ban yafe wa gwiwar nan ba. Ya dawo yana ta ba ni labarin yadda ƙasa ta sha ruwa. Bayan mako guda zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana uku ya cika. Wata huɗu da kwana goma ina zaune a gida, ba kwalli ba turare, ina bin dawar nan a zuciyata: yanzu ta kai gwiwa, yanzu ta yi ciki, yanzu ta fara nuna.

Muna da wata al'ada ni da shi. Kowace kaka, kafin a yanke dawa, mukan shiga gonar da tsummoki a hannu. Duk zangarniyar da ta fi cika, sai mu ɗaura mata tsumma a kara, don masu yanka su san wannan ta iri ce, su ware ta. Dawar kaura ce ja, irin da ya gada wurin mahaifinsa. Shekara ashirin da bakwai muna yin haka, yana zaɓa ina ɗaurawa, muna musu a kan wadda ta fi. Bana na ɗauki tsohuwar rigarsa ta noma na yayyaga ta, na cika jakata da tsummoki. Na kira ƙaninsa a waya har sau biyu, na ce don Allah a jira ni zuwa Asabar. Ya ce ba komai, in sha Allah. Abin da nake so ke nan kawai: in ga dawar a tsaye, in ɗaura mata tsumma, in fitar da irinsa.

Titin Katsina da asuba ba ya barci. Tireloli na ta wucewa, 'yan adaidaita sahu na kutsawa ta ko'ina, masu shayi sun riga sun hura wuta. Na daɗe ban ga mutane da yawa haka ba, har kaina ya ɗan juya. Abin da ya ba ni haushi shi ne babu abin da ya canza. Mai facin taya yana nan inda yake, mai tsire ya bar tokarsa ta jiya a inda ya saba. Ashe duk zaman da na yi ina kuka, garin harkarsa yake yi.

A Dawanau muka tsaya shan mai. Mijin ƙanwata ya kalli mita ya yi salati, ya shiga mota ya ci gaba da salati har muka bar gidan man. Motocin buhuna sun cika bakin kasuwa, masu dako na ta sauke sabon hatsi, ko'ina ƙamshin gero. Ƙanwata ta sayo mana koko da ƙosai. Jama'a, ƙosan ɗari biyu guda huɗu ne, kowanne bai fi maɓallin riga ba. Da Malam ne, sai ya ɗaga ɗaya sama ya tambayi mai suyar ko allura take tsomawa a ƙullun. Na tuna haka na yi dariya, amma kokon ma ban iya shanye shi ba.

Daga nan muka bar babban titi muka yi yamma. Wanda bai san wannan yanki ba zai yi zaton zai ga daji. Babu daji. Kana fita daga wannan ƙauye kana hango masallacin na gaba, tsakaninsu kuma gona ce ke jingine da gona, ba a bar ko wurin shimfiɗa tabarma ba. Ga kuka, ga ɗorawa, ga darbejiya a bakin hanya. Damman gero a kan soraye, harawar wake a rataye a rassan bishiyoyi don kada awaki su kai gare ta, tattasai an baza shi ja wur a gefen kwalta. Mata suna sussuka a bakin gari, amalanken shanu na tafe da kara har ba a ganin mai korar. Shekara ta yi kyau sosai. Wallahi sai na ji haushin kyan nata, don wanda ya fi kowa son ganin wannan ba ya nan.

Malam in yana kan hanyar nan bakinsa ba ya shiru. Ya san mai kowace gona, ya san wanda ya makara da noman farko, ya san wanda ya sa taki da wanda ya yi ƙarya ya ce ya sa. Tafiyar awa ɗaya sai ta zama uku saboda gaishe-gaishe, ni kuwa ina ta mita. Mijin ƙanwata mutumin kirki ne, amma shi rediyo ya kunna yana jin labarin ƙwallo. Ba mu tsaya gaida kowa ba.

Da muka sauka daga kwalta muka hau burji, damina ta bar mana ramuka. Kowanne muka faɗa sai ƙanwata ta ce "Ya Salamu," har ta gaji ta koma riƙe kujera kawai. Ni idona yana kan gonakin dawa. Wasu an yanke, kara a kwance. Wasu suna tsaye, kawunansu sun sunkuya don nauyi. Duk wadda na gani a tsaye sai in ce a raina, to, ai tamu ma tana nan. Hannuna yana cikin jaka yana murza tsummokin.

Wajen ƙarfe takwas muka isa. Ku fahimce ni a nan. Iyayena daga Borno suka zo, ni a Kano aka haife ni, amma tun ranar da aka kawo ni gidan nan ƙanin Malam bai taɓa kiran sunana ba. Babarbariya yake ce min. "Babarbariya ta iso, a ɓoye tabarya kada ta fasa mana turmi!" Haka yake tarbata kowace shekara, ni kuma in ce masa ragon da bai iya ɗaure dami ba. Ba a shimfiɗa min komai. Ina ajiye mayafi zan wuce madafa, faccalata, wato matarsa, ta miƙo min muciya ta ce ai kin huta a birni.

Ranar Asabar kuwa, ƙanin ya fito daga zaure ya rusuna. Ya ce, "Hajiya, sannu da hanya. Ya ƙarin haƙuri?"

Hajiya! Ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Sai da na waiga in ga ko da wata yake. Aka kai mu ɗakin baƙi, aka ɗauko sabuwar tabarma da ko lanƙwasarta ba ta saki ba. Aka kawo ruwa a kwano mai murfi. Na ji kukan kaza a bayan gida, na san tata ta ƙare saboda ni. Na miƙe zan shiga madafa, faccalata ta tare ƙofa tana murmushi, ta ce, "A'a Hajiya, ki zauna ki huta, ke da kika sha hanya." Babu wanda ya yi min rashin mutunci. Mutuncin ne ma ya yi yawa, har na rasa inda zan sa kaina.

Na ce to, kafin rana ta yi zafi bari in je gona. Ƙanin ya sosa ƙeya ya ce an yanke ranar Alhamis. Wai ranar ce 'yan ƙwadago suka samu dama, kuma shanu sun fara matsowa. Alhamis, ranar da na yi wankan fita takaba. Na ce ina dawar? Ya ce an ɗaure, an haɗa da ta sauran gonaki an zuba a rumbu. Na ce irin fa? Ya ce, "Ai Hajiya yanzu an daina wannan wahalar. Iri na leda ake saya, ya fi saurin nuna."

Kwana biyu na roƙa. Kwana biyu kacal, a kan shekara ashirin da bakwai. Na ɗauki jakata na fita, ƙanwata ta taso na ce ta zauna ta ci kazar.

Da ƙafa na tafi, gwiwar na ciwo ina takawa. Gonar tana nan, ɗorawar da muke hutawa a ƙarƙashinta tana nan. Kara a kwance daga wannan iyaka zuwa waccan. Mata uku na sunkuye suna kala, wato tsintar abin da masu yanka suka bari. Na tsaya a bakin kunya na daɗe. Daga baya na ga tsayuwar ba ta da amfani, na ɗaure mayafina a ƙugu, na sunkuya na fara ɗaga kara ina dubawa.

Babbar cikinsu, wata tsohuwa daga ƙauyen gaba, ta ɗago ta dube ni. Ba ta san ni ba. Ta ce, "Baiwar Allah, nan mun riga mun bi, koma wajen ɗorawar can. Amma kada ki sa rai. Mai gonar ya rasu, Allah ya jiƙansa. Shi yakan hana a share tas, ya ce a bar mana rabonmu. Bana kuwa an share."

Na ce amin.

Ta ce, "Matarsa 'yar birni ce. An ce tun da ya mutu ko leƙowa ba ta yi ba."

Na ce, "Inna, wataƙila takaba take yi."

Ta ce, "Af, kuma fa haka ne. Amma ai da ta aiko."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da ɗaga kara. Ban gaya mata ba. Me zan ce? In ce ni ce, kuma na aiko, kuma ga ni ina kala a gonar mijina? Hawaye na zuba a kan ƙasar, ita kuwa ta ɗauka talauci ne ya kai ni haka. Wajen ɗorawar na samu zangarniya huɗu, ƙanana, tsuntsaye sun ci gefensu. Irin waɗanda da ni da Malam ko kallonsu ba ma yi. Da zan tafi tsohuwar ta leƙa hannuna, ta girgiza kai, ta zaro guda uku daga ƙwaryarta ta ɗora min. Ta ce, "Ƙara da wannan, ki yi wa yara kunu." A duk ranar nan, ita kaɗai ce ta ba ni abu na ji ya shiga raina.

Bayan azahar muka yi sallama. Aka sa buhun dawa guda a bayan mota, ƙanin ya ce ga wannan a yi wa yara tsaraba. A da ni nake sa a buɗe rumbun, in auni abin da zai ishe mu, ba wanda yake kiransa tsaraba. Na karɓa, don ba ni da girman kan da zan ƙi abinci. Suka rako mu har bakin mota. Faccalata ta ce, "Mun gode da ziyara, a gaida mutanen gida." Na so ƙwarai ƙanin nan ya manta, bakinsa ya suɓuce ya ce Babarbariya ko sau ɗaya. Bai manta ba. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, Hajiya.

A dawowa ban kalli gonakin kowa ba. Ƙanwata ta sayi rake da gyaɗa a bakin hanya, tana cewa rabin kuɗin gari ne, ni ko tayawa ban yi ba. Mijinta ya kashe rediyon da kansa. Kafin magariba muka shigo Bacirawa.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da daɗin faɗi. Na ɗauka miji kaɗai na rasa, ashe har da gidansu, har da sunan da ake tsokanata da shi. Ba a kore ni ba, ba a zage ni ba, kaza ma aka yanka min. 'Yar'uwa, ranar da kika je gidan dangin mijinki kika ga an ɗauko miki sabuwar tabarma, ki ci abin da aka ba ki, ki yi godiya, ki tashi da wuri.

Zangarniyar nan bakwai ban yi kunu da su ba. Na ɗaura wa kowacce tsummanta, na rataye su a ƙusar da Malam yake rataye hularsa. In Allah ya kai mu ruwan farko, zan shuka su a ɗan filin da ke bayan ɗakina, tsakanin katanga da tankin ruwa. Bai fi taku biyar ba, amma ba sai na roƙi kowa ya jira ni ba. Sauran tsummokin suna cikin jaka har yanzu, cike da ita, kuma ƙamshin zufarsa bai gama fita daga jikinsu ba.