Cibiyar Ƙanena a Lambun Tsohuwar Jamaika

Jiya ƙanena ya zo mini nan Manchester da leda cike da tuffa, 'yan ƙanana masu tsami, irin waɗanda ko kyauta ba za ka ɗauka a kanti ba. Ina gatsa ɗaya, sai ga ni a unguwar Balsall Heath ta Birmingham ina yarinya.

Lokacin muna haya a wani flat na sama, ko taƙi ɗaya na ƙasa ba mu da shi. A ƙasanmu akwai wata tsohuwa 'yar Jamaika mai ɗan lambu a bayan gida. Tun tana budurwa ta zo Ingila, ta yi aikin jinya har ƙafafunta suka gaji, Allah bai ba ta haihuwa ba. A bakinta na fara jin labarin tsibirinsu: duwatsu masu hazo, jar ƙasa, da gonakin raken da aka kwaso kakanninta daga wajenmu don su nome. Takan ce ba ta san garin da aka ɗauko su ba, amma dai zoɓo da kuɓewa sun biyo su.

Da aka haifi ƙanena, kakarmu ta zo daga Najeriya yi wa Umma wankan jego. Kai, kakar nan tamu akwai faɗa! Da cibiyar jaririn ta faɗi, ta ƙulle ta a bakin zani, ta rasa inda za ta binne. Baba, likita guda, ya ce a jefa a shara kawai. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Yaron da ba a binne masa komai ba, ina zai nuna ya ce nan ne gida?"

Wata safiya maƙwabciyar ta tarar da ita a ƙofar gida tana hararar siminti, idonta jawur. Ni ce tafinta. Ban gama bayani ba matar ta dafe ƙirji. Ashe su ma haka suke yi, har su dasa bishiya a kai! Tata cibiyar tana gindin wata kwakwa a kan tudu a Jamaika, kuma can take so a kai gawarta.

Su biyun suka durƙusa a lambun, babu mai jin yaren wani. Kakarmu na bisimilla, ita kuma tana waƙar coci ƙasa-ƙasa. Kwakwa ba ta yi a sanyin Birmingham, sai aka dasa tuffa.

Yaron nan rabi a wajenmu ya tashi, rabi a wajen maƙwabciyar. Ko da muka koma Small Heath, duk Asabar yana bas zai gaida ita. Da ciwo ya kwantar da ita, ya riga ya zama saurayi, ya ce shi da kansa zai raka gawarta Jamaika. Ta girgiza kai.

"Guguwa ta tuge kwakwar tuntuni, ɗana. Bar ni nan kusa da taka bishiyar."

Haka aka yi. Har yau in na tuna sai na yi kuka.

Yanzu wasu ne a gidan, amma duk shekara yakan ƙwanƙwasa, su bar shi ya tsinka. Ni kuwa 'ya'yana, wallahi ban san inda cibiyarsu ta ƙare ba, kuma abin yana damuna. Jiyan na tsokane shi, na ce wai shi ba ya marmarin zuwa gida Najeriya ne? Ya tura mini ledar.

"Haba Yaya, ai daga gida nake."