Hannun Inna da Ƙwaryar Fura

Duk jaririn da aka haifa a gidanmu na Bungudu, Inna ce ke fara yi masa wanka. Ko da na yi aure a Tsafe, ita ta riƙa zuwa tana wanke mini 'ya'ya. Har yau ina ganinta a kan kujera 'yar tsugunno, jinjiri a cinya, tana taɓa ruwa da bayan hannu, ta gasa masa cibiya, ta miƙar da 'yan ƙafafunsa, ƙamshin sabulun salo ya cika ɗaki.

Da girma ya zo, sai hannunta na dama ya fara rawa, yatsun suna motsi kamar tana jan carbi. Tafiya ta koma jan ƙafa, fuskar ma ta daskare, sai ka ce fushi take. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce iska. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Daga baya ƙanena ya kai ta asibiti a Gusau aka rubuta mata ƙwaya, ni kuma na ɗauko ta ta zauna wurina.

A wurinmu ba a shan magani ciki wayam. Inna da kanta ta koya mana haka. Saboda haka kafin ta haɗiyi ƙwayar sai na dama mata fura da kindirmo mai kauri, ga ƙosai a gefe. Masu zuwa gaisuwa kuma wannan ya riƙo kaza, wancan balangu. Maganin wata rana ya ɗan yi aiki, wata rana kamar tsabar gero ta haɗiya.

Ana nan sai babbar ɗiyata, wadda ke aure a Gusau, ta samu cikin fari. Ranar da ta zo gaishe mu Inna ta dubi cikin ta ce, “Ni zan wanke shi.”

Ɗiyata ta yi dariya. “Haba tsohuwa, ke da ludayi ma gardama yake miki?”

“Ja'ira. Wa ya wanke ki? Kina ta ihu kamar akuya a hannun mahauci.”

Aka yi ta dariya. Amma bayan ta tafi, Inna ta kira ni a hankali ta ce, “Za su ba ni shi kuwa?” Na dubi hannun yana rawa a kan zanenta.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, ni na raka ta. Likitar mace ce mai haƙuri. Na ce mata karatuna na yaƙi da jahilci ne, ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba a manne suke da juna ba, akwai ɗan gibi tsakaninsu. In ɗaya za ta ba ɗaya saƙo, sai ta saki wani sinadari ya tsallaka. Nan take na tuna yadda muke miƙa wa maƙwabta garwashi ta kan katanga a Bungudu, murhu ya kunna murhu. Ta ce sinadarin da ke sa motsi ya tafi sumul sunansa dofamin, kuma jijiyoyin da ke yin sa ne ke mutuwa a kan Inna. Ƙwayar ba ta warkarwa, kayan haɗi ne take kai wa ƙwaƙwalwa ta yi dofamin ɗin da kanta.

Sai ta tambaye ni da me Inna ke shan maganin. Na lissafa mata, har da ɗan alfahari. Ta yi murmushi ta ce abin gina jiki da ke cikin nono da wake da nama, ƙofa ɗaya suke bi da maganin daga hanji zuwa jini, daga jini zuwa ƙwaƙwalwa. In suka taru, sai a yi cunkoso irin na ƙofar bas a tasha, a bar maganin a ƙasa. Ta ce a ba ta da ruwa, a jira kamar rabin awa, sannan ta ci. Nama kuma a bar shi sai yamma.

Inna ta ce, “Wagga yarinya ba ta da kaka ne? Magani ba fura?”

Ranar farko ta yi ta kallon ƙwaryar furar a rufe da faifai tana tsaki. Wata ƙanwarta da ta zo daga garin Wanke har cewa ta yi ina horar da uwata da yunwa. Na ci gaba da bin maganar likita. A hankali muka lura, in ta sha da safe, kafin hantsi hannun yakan lafa, ta tashi da kanta ta yi alwala. Zuwa azahar rawar ta dawo.

Da ɗiyata ta sauka, namiji, muka tafi Gusau. Ungozoma ta so yin wankan da sassafe, na roƙe ta a dakata sai hantsi. Inna ta sha ƙwayarta da ruwa zalla, ta zauna tana kallon hannunta, mu ma muna kallo. Da ya lafa ta ce, “Ku miƙo mini angona.”

Ɗiyata ta dube ni, na gyaɗa kai. Na durƙusa kusa, hannuwana a ƙarƙashin nata, amma ban taɓa ba. Ta gwada ruwan da bayan hannu, ta ce a ƙara na sanyi. Ta wanke shi tas, ta gasa cibiya, ta miƙar da ƙafafun, yana ta tsala kuka.

“Ka gado uwarka,” in ji ta.

Da ta naɗe shi a zane ta miƙa wa uwar, sai ta juyo gare ni. “To, sarkin doka, yanzu a ba ni furata.”

Shi ne jariri na ƙarshe da ta wanke. Allah Ya jiƙan Inna. Yaron yanzu yana makaranta, kujerar kuma tana ɗakina, ni ke hawa in an yi haihuwa.