Farar Riga a Layin Masu Kifi

Tana tsaye a layin masu kifi na Kasuwar Creek Road, sanye da farar rigar likitoci, ta rungume kular ƙanƙara kamar jariri. Ƙanƙara take tayawa. Likita ce ko mai kifi? Na kasa ganewa.

"Madam, wane kifi ne a ciki?" in ji Mijinyawa mai ƙanƙara.

"Jinin yara masu sikila ne, Malam. Bincike muke yi a jami'a. Gwamnati ta saya mana firiza, amma wai kuɗin bincike ba na dizal ba ne."

Mijinyawa ya kalle ni, ni ma na kalle shi. Ga ta can a kan okada, ruwa yana ɗiga daga gindin kular.