Doña Eulogia, Wadda Ta Hau Tudu Saboda Tarinmu

Kafin motar farko ta kwashi mazan ramin haƙar ma'adinai, Doña Eulogia Ticona ta riga ta goya ƙunshinta ta kama hanyar tudu. Magani ne a ciki, da 'yan robobin tofa kaki, da filas na kunun masara. Ƙofa-ƙofa take bi, ba ta barin gida sai ta ga ƙwaya ta wuce maƙogwaro. Haka muka san ta a garinmu Huanuni tun 'ya'yanmu suna goye, ga su yau da furfura.

Ni ce Prudencia. Da baki na faɗa aka rubuta, na kuma ce kada a tausasa mini ko kalma ɗaya.

Mu nan duk tari sunansa ɗaya, ciwon rami. Ƙurar dutse ta cinye huhu, babu magani, sai a shafa wa mutum kitse a ƙirji a jira ranarsa. Haka na binne mijina. Da ɗana Sabino ya fara nasa, ga rama ga zufa, har na soma tanadin kyandir ɗin makoki. Eulogia ta jiyo shi ta katanga, ta faɗo mana ba sallama.

"Tun yaushe?"

Na ce, "Ciwon ubansa ne, ƙawata."

"Gado ya bar masa? Tarin da ya haura mako biyu sai an auna. Kai, tofa nan."

Aka auna, ashe tarin fuka ne, mai magani. Wata shida tana zuwa. Da Sabino ya ji dama-dama sai ya tsiri wayon mazan rami, ya cusa ƙwayar cikin dunƙulen ganyen kokar da suke taunawa, wanda ke kuncinsa, in ta fita ya tofar. Ba a daɗe ba ta gano shi.

"Fito da kokar nan tukuna. Buɗe baki. Ɗaga harshe."

"Haba Doña, ni jariri ne?"

"Jariri ya fi ka hankali, shi ba ya ɓoye nono a kunci."

Tagogin da muke toshewa da tsumma saboda sanyi, ita ta riƙa buɗewa. Muka zage ta, gobe ta sake buɗewa. Wanda nasa ciwon ramin ne na gaske kuwa ba ta yi masa ƙarya ba, zama take yi kusa da shi har ƙarshe. Ku tambayi zawarawan unguwar sama.

Eulogia, uwar masu tari, ke ce kika shiga ɗakunan da 'yan'uwan jini ke miƙa abinci daga bakin ƙofa.

Bara asibiti ya sallame ta daga aiki, wai ta tsufa. An tafa, an ɗauki hoto, ba a sa kowa a gurbinta ba. Yanzu ita ke tari. An auna, shi ne, kuma kowa ya san a ɗakunanmu ta kwaso shi. Ƙa'ida sai an haɗiyi magani a gaban ma'aikaci, ma'aikacin kuma ba ya hawa tudu, ita kuwa gidanta yanzu a tudun yake. Suka ce ta riƙa saukowa kullum, matar da ba ta kaiwa bakin famfo sai ta zauna ta huta. Na ce a ba ni in kai mata, suka ce ba ni da horo. Har ta tsallake kwanaki ba ta sha ba, ita da ta koya mana cewa in an yanke magani ciwon kan dawo da taurin kai, ƙwayar ta daina cin sa.

Jiya ta ce mini, "Kada ki je ki yi musu ihu, Prudencia."

"Ai na riga na yi."

"To buɗe tagar nan ki ja baya. Kin zo kin tsaya mini a fuska kamar ba ni na koya miki ba."

Mun gode, Eulogia. Allah ya ba ki numfashin da kika kare mana. Ku 'yan mata, ku koyi aikinta tun tana da bakin koyarwa. Ku masu asibiti, ku tura mutum sama, ba alfarma muke roƙo ba.

Kafin ku ga dama, gobe da safe ni da Sabino za mu sauko da ita a bargo. Bargo kusurwa huɗu gare shi, mu biyu ne. Duk wanda ta taɓa tsayawa a kansa ya san gidan.