Ciwon da Na Kira Lalaci

Lokacin da abin nan ya faru ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Paikon Kore, tun ana kashe fam da sule, ba a ma fara zancen dawo da babban birnin ƙasa yankin ba. Matashi ne ni mai ji da boko. Daga Zariya aka turo ni, na taho da matata, ba mu da dangi ko ɗaya a wurin. Da damina ta haifi ɗanmu na fari. Hanya ta lalace, mahaifiyarta ba ta samu zuwa ba, sai maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Gbagyi, ita ke dafa mata ruwan wankan jego.

Bayan suna da kamar mako biyu matata ta canza. Mace mai fara'a ta koma shiru, abinci sai an matsa mata, barci ya ƙaurace mata. In yaron ya yi kuka sai ta zuba masa ido, hawaye na bin kuncinta. Wata safiya ta riƙe mini hannun riga, ta ce ji take kamar ba ita ce uwarsa ba, kuma zuciyarta na raya mata cewa zai fi jin daɗi in babu ita. Amsar da na ba ta ita ke cin raina har yau. Na ce lalaci ne da butulci, mata nawa ke neman haihuwa ido rufe, in ta gaji da zama sai in sa ta a motar Zuba ta koma gidansu. Tsohuwar ma ta tare ni a hanya, ta ce ta taɓa ganin irin wannan ga ƙanwarta, kada in riƙa barin mai jego ita kaɗai. Na yi godiya a baki, a zuci na ce camfi ne.

Wata Laraba na dawo daga makaranta da azahar, tun daga nesa nake jin kukan yaron. Na same shi a tabarma, an yi masa wanka, an ninke kayansa a gefe, uwar ba ta nan. Wata mai tallan nono ta ce ta gamu da ita ta nufi rafi, ba tulu ba mayafi, ta gaishe ta ba ta amsa ba. Rafin kuwa ya cika ya batse. Na ruga ba takalmi, tsohuwar ta saɓo yaron ta biyo ni. Muka hango ta tsaye cikin ruwa har ƙugu, ta ba mu baya, igiyar ruwa na jan zanenta. Na buɗe baki zan daka mata tsawa, tsohuwar ta mintsine ni. Ta zauna a bakin gaɓa, ta shiga yi mata magana a hankali, tana kiranta 'yata, tana cewa ga yaro yana jin yunwa, ita kuma tsohuwa ce, ba ta da abin ba shi. Ni kuwa ina shiga ruwan taku ɗaiɗai, har na kama hannunta. Ba ta fizge ba. Cewa kawai ta yi ta gaji.

A asibitin Kaduna likita ya ce ciwon damuwa ne da kan kama wasu mata bayan haihuwa, yana da magani, kuma ba halin mutum ba ne. Sai ya tambaye ni ko ta taɓa gaya wa wani abin da take ji. Na sunkuyar da kai.

Da magani da zuwan mahaifiyarta ta warke cikin 'yan watanni. Ta yafe mini, mun tsufa tare, amma daga wannan shekara in abu ya dame ta wani take gaya wa, ba ni ba. Na koyi cewa zuciya ma tana ciwo kamar yadda ƙafa ke karyewa, kuma ba a ce wa mai karaya ya yi haƙuri ya tashi da gudu. Jama'a, musamman magidanta, in naku ya ce muku ya gaji da rayuwa, ku ajiye wa'azi tukuna, ku zauna ku saurare shi, ku kai shi asibiti. Ni Allah Ya sa na isa rafin a kan lokaci. Ba kowa ke isa ba.