Agogon da Alhaji Ya Yaba

Ni dai ban taɓa son nutson nan ba, kuma tun farko na faɗa masa. Mutumin da ya tashi a garin da ko tafkin kirki babu, ya zo Greensboro ta Amurka ya ce shi sai ƙasan teku. Ƙanena ke nan. Muna zaune tare a wani ɗan gida a unguwar Glenwood, ni ina aikin kula da tsofaffi, shi yana lodin kaya a sito. Da ya samu hutu sai ya zuba tulunan iskar shaƙa a bayan mota ya nufi bakin teku.

Cikin kayan, abin da ya fi ji da shi kwamfutar nutso ce, wadda ake ɗaurawa a hannu. Ni agogo nake ce mata. Ya sha tsare ni da bayani ina gyaran alayyafo. Wai in mutum ya daɗe a ƙasan ruwa, wata iska tana taruwa a jininsa, ko ya fito ba ta barinsa nan take. Agogon ke riƙe da lissafin zurfin da ka kai, da daɗewar da ka yi, da abin da ya rage a jikinka daga nutson baya.

"Shi ya sa ba a aronsa, Yaya," in ji shi. "Jikina kaɗai ya sani."

Da bakinsa ya faɗa min haka. Abin da yake ci min rai ke nan har yau.

Akwai wani Alhaji mutumin Maraɗi, direban tasi, shi ya sama wa ƙanena aikin siton lokacin da muka zo. Ƙanena ya ja shi cikin harkar nutson, har shi ma ya koya. Wata Asabar ƙanena ya riga shi tafiya, ya yi nutso mai zurfi da safe, ya huta kaɗan ya sake komawa. Alhaji bai iso ba sai bayan azahar, da agogon haya mai ƙananan lambobi. Suna cikin jirgin ruwa ya kama hannun ƙanena yana jujjuyawa.

"Kai, wannan ya yi kyau. Ko ni mai raunin ido ina ganin rubutunsa."

To, mu a gidanmu haka aka rene mu: babba ya yaba abinka, ka cire ka miƙa. Alhaji ya ƙi, ƙanena ya nace, ya ɗaura masa da hannunsa, ya karɓi na hayar.

Na hayar bai shiga ruwa ba ranar. Bai san da nutson safe ba, sai ya nuna wa ƙanena yana da sauran lokaci mai yawa. Nasa kuma, da ke ɗauke da lissafin jininsa, yana hannun Alhaji yana ta kuka. Alhaji ya bi umarninsa, ya hau a hankali, ya fito lafiya lau. Ƙanena ya tsaya a ƙasa, sai da ya jima sannan ya fito.

A hanyar dawowa ya ce ƙafafunsa sun yi sanyi. Kafin su yi nisa ya kasa motsa su, hannaye ma suka bi. Alhaji ne ya kira ni daga asibiti. Na tarar an sa ƙanena cikin wani ɗakin ƙarfe kamar tankin mai, wai don a rage iskar da ke jininsa, ina hango fuskarsa ta ɗan gilashi. An yi ta sa shi ana fitarwa. Hannaye suka dawo, ƙafafu ba su dawo ba.

Bayan an sallame mu, Alhaji ya zo gida. Na bar shi tsaye a ƙofa, wallahi ban so ya shigo ba, ko da yake na san ba shi ya roƙa ba. Ƙanena ya ce daga kan kekensa na guragu, "Yaya, ba shi hanya mana."

Alhaji ya durƙusa, dattijo da furfurarsa, ya ciro agogon daga aljihu ya ajiye a cinyar ƙanena. Agogon ya zame ya faɗi ƙasa, ƙanena bai ji zamewarsa ba, sai da ya ji ƙarar faɗuwar.

Na sunkuya na ɗauka, niyyata in jefa shi a kwandon shara. Ƙanena ya riƙe min hannu.

"Mayar masa, Yaya. Ai kyauta na ba shi."

Na miƙa wa Alhaji, na shige kicin na rufe ƙofa.