Harshen da Kawu ya ara

Kawuna, wan mahaifiyata, ya daɗe yana aikin kuku a wani otal a Paraku. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya komo Malanbil, ya kama ɗan gida kusa da namu. Bai zo da komi ba sai akwatin tufafi, da tukunya mai kaurin gindi, da buhu cike da butalai, wato kwalabe masu faɗin baki. Lokacin ina da aure da ɗiya biyu, ina koyarwa a lakwal, kuma ni ke kai mishi tuwo da marece.

In zafi ya shigo, mangwaro ya cika kasuwa har ana zubarwa, sai ya sa mai kabu-kabu ya ɗauko mishi kwando biyu daga garkar wani abokinshi a Gene. Ya fere, ya yanka, ya barbaɗa sukari, ya rufe har ruwan ya fito da kanshi, sannan ya matsa lemun tsami ya aza bisa gawayi. Konfitir yake ce mishi. Albasa kuwa, wadda garinmu ba ya rasawa, yakan jiƙa ta cikin ruwan binegar mai tsami da gishiri da tonka, wato barkono. Amma cittarshi anka fi so. Yakan yanka ɗanyar citta siri-siri, ya tafasa ya zubda ruwan har sau uku, sannan ya dafa ta cikin sukari yana juyawa har ta bushe ta yi fari. Direbobin da ke jiran takardu a duwan, ofishin kwastan na bakin iyaka, har gida suke biyo ta.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, ya yi kwanaki a likita. Ya tashi, ya koma ga tukunyarshi, muka yi hamdala. Ran nan na kai mishi tuwo, ya cinye, ya yaba miyar. Da na komo gida maigidana ya ce na manta gishiri gaba ɗaya. Na ɗanɗana, lami. Kawun da ko kanwa ta ɗan yi yawa sai ya faɗa!

Washegari na tambaye shi. Ya ce, "Ɗiyata, tun da na fito likita harshena ba ya jin komi. Sukari da rairayi ɗaya suke."

Na ce to ya huta mana, ya yi aikin da ya isa. Ya ce idonshi da hannunshi ba su manta ba, harshe kawai ya rasa, ni kuwa ina da shi. In na taso daga lakwal in riƙa biyowa.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Ranar farko ya miƙo mini citta a bakin cokali, na ce ta yi daɗi. Ya ce wannan ba magana ba ce, ko yaro ya iya faɗinta. Zaƙin ne ya fara isowa ko yajin? Yajin a harshe ya tsaya ko ya sauka maƙogwaro? Bayan na haɗiye, akwai ɗaci? Na sake ɗauka, na tauna a hankali, na ba shi amsa ɗaya-ɗaya. Yana saurare, yana rage wuta, yana ƙara ruwa kaɗan. Shekaruna nawa ina girki, ban taɓa tsayawa na ji abin da ke bakina haka ba.

Sau ɗaya na cuce shi. Na zo a gajiye, ga shi tun safe yana tsaye kan mangwaro, gumi ya jiƙa mishi riga. Na ɗanɗana, na ji zaƙin ya ɗan yi nauyi, amma na ce ya yi daidai don ya zauna. Ya ɗiga kaɗan bisa faranti, ya karkata shi, ya duba yadda yake gangarowa. Sai ya yanka rabin lemu ya matsa, ya juya, ya sake miƙo mini. Na sunkuyar da kai. Bai yi faɗa ba.

"Kar ki ji tausayina a kan tukunya," ya ce. "Mutane ne za su ci."

Haka muka yi ta yi har shekara ta zagayo. Wata rana yana yanka lemun tsami, ruwan ya taɓa mishi yatsa, ya kai baki ba tare da tunani ba. Sai na ga ya tsaya cik. Ya ɗauki yanki guda ya tsotsa, fuskarshi ta yamutse, hawaye sunka taru mishi a ido. Ya ce in ba shi wani. Yana zaune bisa tabarma ya shanye lemu biyu, yana yatsina yana dariya, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya.

Tsami kaɗai ya dawo mishi. Zaƙi da yaji bai sake jin su ba har ya bar duniya, Allah ya jiƙanshi. Amma daga ranar, in maganar lemu ce ba ya tambayata, shi ke ɗanɗanawa da kanshi, ni kuma in ji mishi sauran.